Mutumin Da Ya Kulle Kansa A Waje

Malam Barau, saki linzamin kwamfutar nan ka juyo. Tun safe nake kallonka kana haɗa zufa kana neman abin toshewa, sai ka ce ɓarayin duniya a ƙofarka suka kwana. Zauna in ba ka misalin wani mai irin halinka.

An yi wani mai gyaran wayoyi a birni, girma ya fara kama shi sannan ya shiga koyon kula da saba, babbar kwamfutar nan da ba ta barci, wadda ake ɗora wa Linux. Ka dai san halin Linux. Manhaja ce ta kowa da kowa, cikinta a buɗe, ba mai hana ka duba ta ko gyara ta, amma fa ba ta cika tambayar mutum ko ya tabbata ba. Abin da ka rubuta a baƙin allon nan shi za ta aikata, ko da wuƙa ka miƙa mata ka ce ta yanka ka. Mutumin yana da ƙwazo, wannan ba a hana shi ba, sai dai Allah ya zuba masa fargaba. Malamarsa, wata injiniya mai ƙarancin magana, da ta ga hannunsa ya fara faɗawa, sai ta danƙa masa na'urar wata ƙungiyar manoman fadama. Na'urar tana can a wani ɗaki a bakin kogi, tafiyar yini guda, makullin ɗakin kuma yana aljihunsa. Daga birni yake shiga cikinta ta intanet. Aikinta ɗaya ne tak: in mai awon ruwa ya turo mata cewa kogi na tasowa, ita kuma ta watsa saƙon zuwa wayoyin manoma, kowa ya kwashe abin da ya bari a fadama.

Lokacin yankan shinkafa ne, an tara dammuna a masussuka. Wata rana da hantsi ya buɗe wurin da na'urar ke rubuta duk wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Wayyo! Layi bayan layi, baƙi daga ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba, kowa na gwada kalmar sirri, yana karanta wannan wani na faɗowa. Nan take ya ɗauka ɓarayi ne suka far wa na'urar. Alhali malamar ta sha gaya masa cewa wannan ba sabon abu ba ne, ƙudaje ne, duk na'urar da ke kan intanet haka suke bin ta. Ta ce in zai rufe ƙofofi, ya fara ware tasa da ta mai awon ruwa, kuma kada ya tashi sai ya gwada shiga ta wata taga ya ga ta buɗe. Ina! Tsoro ba ya jin karatu. Gani yake kafin ya gama wannan bi-a-sannun an riga an shige an yi ɓarna, a ce a hannunsa aka yi. Ya rubuta umarni guda mai rufe kowace ƙofa, ta shiga da ta fita, ya danna.

Layukan suka tsaya cak. Ya sauke ajiyar zuciya, har da hamdala. Sai ya taɓa harafi, allo bai motsa ba. Ya sake taɓawa, shiru. Ya fita daga cikinta ya nemi komawa, na'urar ta yi biris da shi kamar ba ta taɓa saninsa ba. A nan ne ya gane shi ma yanzu baƙo ne a bakin ƙofa. Ba abin da zai buɗe ta sai mutum ya je ɗakin da ƙafarsa ya zauna a gabanta.

To, ga inda ya ƙara kwafsawa. Da ya kira malamar, ko shugaban ƙungiyar, ya ce na'ura ta kurmance, da an sa mai shela ya zaga. Kunya ta hana shi. Ya ɗauki waya ya ajiye, ya ɗauka ya ajiye, ya dubi sama ya ga garau, ya ce ai gobe da sassafe zai je ya gyara ba wanda ya sani. Abinci ma ya gagare shi. Shi kuwa mai awon ruwa, da la'asar ya ga kogi ya haura alama, don an tafka ruwa a can sama. Ya tura saƙonsa yadda ya saba, ya tafi gida hankali kwance.

Washegari mutumin ya kama hanya, mota ta ajiye shi ya hau babur. Tun daga kan tudu ya hango fadama ta zama fari fat. Maza sun shiga ruwa iya ƙirji suna kamo dammunan da ke yawo, wata tsohuwa na zaune a gaɓa da tiren shiƙa a cinya. Ya wuce su kansa a ƙasa, ya buɗe ɗakin. Ga na'ura nan lafiya lau, tana ta gurnaninta, koriyar fitilarta na ƙyaftawa. Ko ɓarawo ɗaya bai shiga ba. Saƙon mai awon ruwa ma bai shiga ba.

Saboda haka, Malam Barau, kafin ka danna abin nan da ka rubuta, nuna mini ta inda kai za ka koma ciki. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce garin neman gira a rasa ido.