Ɗigo Na Goma Sha Bakwai

"Zo ki gani," in ji abokin aikina, yana nuna allon kwamfuta. "Lissafinki ya yi aiki."

Shekara biyu ina gina lissafin nan mai nuna yadda ra'ayin mutane ke rabuwa a kafafen sada zumunta. Don gwaji, na zuba masa saƙonnin guruf ɗin danginmu, na ɓoye sunaye, kowa ya koma ɗigo. So nake in gano wanda ya raba mu, don yau mu da 'ya'yan Gwaggo ko gaisuwa ba ma yi.

Jajayen ɗigo a hagu, shuɗɗa a dama. A tsakiya ɗaya tak.

"Wannan na goma sha bakwai ba ya barin ko-ta-kwana," in ji shi. "Kowa ya yi magana sai ya tanka."

Ko ba a faɗa ba, Kawu ne. Na yi tsaki. "Dama na sani. Shi ya raba mu."

"A'a. Shi kaɗai ke karanta maganar kowane ɓangare ya amsa. Ta bakinsa suke jin juna. Kalli."

Ya matsa da kwanan wata gaba. Ɗigon ya ɓace. Cikin sati uku dangi suka dare gida biyu.

"Ba fita ya yi ba, cire shi aka yi. Wa ke riƙe da guruf ɗin?"

Na tuna ranar da na cire Kawu, na rubuta, "Yanzu sai a zauna lafiya." Kowa ya turo mini alamar tafi.