Bokitin Zunubi

Mai Shara ya kinkimi bokitin ƙarfen ya zagaya bayan coci yana ɗingishi, kai ka ce zunuban ne suka yi masa nauyi. Sau ɗaya a shekara ake wannan hidima. A raba wa kowa 'yar takarda ruwan ɗorawa, ya rubuta abin da ke cin ransa, ya naɗe, ya jefa a bokiti. Shi aka ba aikin ƙonawa saboda ko sunansa aka rubuta masa a goshi ba zai gane ba. Da an hango hayaƙi ta taga sai Fasto ya ɗaga hannu ya ce jinin Yesu ya wanke, Allah ba zai ƙara tunawa ba. Sai a ɓarke da waƙa. Hayaƙin kullum ƙaurin busasshen ganye yake yi, amma wa ke shinshine-shinshine ana tsakiyar gafara?

Shekara shida Tela, wata mai ɗinki a cocin, tana mayar da tata takardar ba ko ɗigon biro.

'Yarta guda ɗaya tilo, mai shekara huɗu, mota ta taka a ƙofar gida wata safiya, ita tana ciki tana guga. Mijinta Direba ne kaɗai ya gani. Ya ce wata farar mota ce, ta take yarinyar ta ƙara gaba, bai samu lambar ba. Shi ya ɗauki yarinyar a motarsa ta ɗaukar kaya ya yi asibiti, kafin su isa rai ya yi halinsa. A satin nan ya sayar da motar, ya ce ba zai iya sake kallon kujerar ba.

Tun daga ranar Tela ba ta ƙara kusantar Jibin Ubangiji ba, gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a coci. Ta ce ba za ta ci gurasar nan da ƙiyayya a ciki ba, kuma ba za ta yi wa Allah ƙaryar ta yafe ba. In farar mota ta gifta ƙofar shagonta sai ta tsayar da keken ɗinki, ta bi ta da ido har ta ɓace.

Matan zumuntar coci suka yi haƙurin wata uku, daga nan suka sa mata suna Maman Dutse. In ta zauna a benci sai a matsa, wai kada sanyin ya kama mutum. Wata ta faɗa mata a gaban jama'a cewa da ta saki ranta da tuni an ba ta wata haihuwar. Amma ɗinki suna kawo mata, don hannunta ya fi zuciyarta laushi, in ji su.

Direba kuwa shi ne abin nuni. Bahago ne, rubutunsa kwance yake kamar iska ta tura shi, shi ke zama da yamma yana rubuta mata awon kwastomomi a littafi. Ranar bokiti shi ke riga kowa jefawa, ya koma ya zauna fuska sharkaf.

"Ki yafe wa mai motar nan, Maman yarinya," haka yake cewa. "Allah ya riga ya yafe masa."

"Kai ya gaya wa, Maigida?"

"In mutum ya tuba ai an gama."

"To ya zo ya tuba a gabana, in ga idonsa."

A shekara ta bakwai Fasto ya kira ta ofis. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "'Yata, wanda ya yi abin nan yana can yana cin abincinsa. Ke ce ke zaune a kurkukunsa. An yafe miki kyauta, ki ba da kyauta." Ta fito ta koma shago. Kwana tara tana taka keke tana kuka, har ta ɗinke hannun rigar wani a wuya.

Ranar Lahadi ta rubuta da hannunta, ta jefa. Ta kuma miƙe tsaye ta ce ko wane ne, ko ina yake, ta yafe masa har abada, a gaban Allah da ikkilisiya. Coci ta ɗauka da sowa. Matan da ke matsa mata a benci suka kusa karya mata haƙarƙari da runguma. Direba ya durƙusa yana kuka kamar an sauke masa buhun siminti. Hayaƙi ya tashi, ta karɓi gurasa da ƙoƙo. Ta yi barci ranar irin wanda ta manta da akwai shi.

Litinin da safe maɓallai suka ƙare mata, ta tsallaka teburin matar Mai Shara, mai sayar da zare da allura.

"Maman Dutse ta narke," in ji matar tana dariya. Ta jawo takarda daga ƙarƙashin tebur tana ƙunshe maɓallan. "Mijina ke kawo min su. Ya ce takarda ba ta hayaƙin kirki, Fasto kuma hayaƙi yake so, to ganye ya fi. Ga ta sabuwa fil, a ƙona ta a banza? Mu dai ba karatu muke yi ba."

Tela ta koma shago ta buɗe ƙunshin a kan keke. Takarda ce ruwan ɗorawa. Kusa da ita littafin awo yana buɗe, rubutu iri ɗaya, kwance kamar iska ta tura shi.

"Ya Ubangiji, karo na bakwai ke nan, ka sake yafe min: babu wata farar mota, ni ne na ja da baya ban duba ba."