Keken Da Ya Yi Daidai Da Ni

"Babu daidai kai, Dogo!" Haka masu shagon keke ke ce min, suna dariya.

Shekara tara ina fama da keken tsere na gajeru, gwiwa na bugun ƙirji, baya a lanƙwashe kamar lauje.

Da na gaji, na kai wa mai walda tsohuwar takardar awona ya ƙera min firam ɗin sabon keke daidai tsawona. Yau na hau ina murmushi. Na miƙa hannu, ban kamo kan keken ba. Na yunƙura, baya ya ƙi miƙewa.

Mai walda ya sake auna ni, ya kawar da kai.

"Malam, ai yanzu tsohon keken naka ne daidai da kai."

Tsohon da na jefa wa 'yan gwangwan jiya.