Ragon Barau da Bakin Tasalla

Ranar Juma'a, goma ga watan Yuni, bayan an sauko daga masallaci, aka fara zaluntar Tasalla. A riƙe ranar, don kada gobe wani ya ce bai san mafari ba.

Tasalla dattijuwa ce mai kiwon awaki, tana kuma sayar da daddawa. A makon ne aka yi shela cewa shuka ta tsiro, kowa ya ɗaure dabbarsa, kamar yadda aka saba duk damina. Maƙwabcinta Barau mai goro yana da wani farin rago da yake kiwo don Layya. Ya turke shi a gindin durumin ƙofar gidansa da sabuwar igiyar roba, don mai wucewa ya gani ya yaba. Tasalla ta zo wucewa da ciyawa a ka, sai hancinta ya jiyo abin da idon mazan da ke zaune bai gani ba. Ta sauke kaya, ta ɗaga ƙafar ragon. Inda igiya ta gurje akwai ɗan rami, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, yana tsiyaya, ƙudaje na sauka suna tashi.

Ta ce, "Malam Barau, tsutsa ta shiga ragon nan. Ba irin ta mushe ba ce, wannan naman mai rai take ci. In ba a cire ta ba, ba zai ga Sallah ba."

Ba ta fara da tubarkalla ba. Iyakar laifinta ke nan. Barau ya miƙe yana karkaɗe riga, ya ce, "Kun dai ji da kunnenku! Iya, kin ga rago kin kasa haɗiye yawu? Bakinki ya sari ɗanyen kashi!"

Aka kwashe da dariya. Ya shafa wa ciwon baƙin mai, ya naɗe da tsumma, ya rataya wa ragon laya. Ita kuwa tsutsa ba ruwanta da laya. Tana ciki tana ci tana nutsawa, wadda ta ƙoshi ta faɗo ta shige turɓaya, ta fito ƙuda, ta nemi wani raunin. Kafin Sallah rago ya kwanta, aka yanka shi a gurguje, ko mahauta ba su yarda sun taɓa cinyar ba.

Nan take gari ya ɗauka: kambun bakin Tasalla ne. Mata suka daina sayen daddawarta. In ta doso, sai a ja akuya a tura ɗaki mai duhu a rufe. To, dabbar da aka ɓoye wa idon Tasalla, an ɓoye ta ga idon mai ita ma. Ba mai ɗaga ƙafa ya duba, ba mai leƙa cibiyar ɗan akuyar da aka haifa. Sai wari ya tona asiri, lokacin kuwa aikin gama ya gama. Duk wadda ta mutu, a ce ai Tasalla ta bi ta layin.

Ba ta je ta yi wa kowa kuka ba. Ta shiga kasuwa kanta a miƙe, ta karɓo maganin rauni wurin malamin dabbobi. Kullum da safe sai ta bi awakinta ɗaya bayan ɗaya, daga kunne zuwa kofato. Ta naɗe igiyoyinta da tsumma mai laushi, yau ta ɗaure wannan ƙafa, gobe waccan. Ko ƙaya ce ta yi ƙwarzane, ta wanke ta sa magani. Da ta ga tsutsa jikin wani ɗan bunsuru, ta zaƙulo su da hantsaki, ta zuba a garwashi, ba ta bar ko ɗaya ta taɓa ƙasa ba. Damina ta yi nisa, turaku sun zama wayam a gidaje da yawa, awakin Tasalla kuwa suna sheƙi, 'ya'yansu na tsalle a kan turmi.

Sai ga Barau. Jakin da ke kai masa goro kasuwanni akumari ya gurje masa baya, tsutsa ta kama. Bai biyo ta ƙofa ba, ta bayan danga ya raɓo, yana waige-waige, ya ce, "Iya, a taimaka, amma don Allah kada a ji."

Ta dube shi, ta dubi jakin. Ta ce, "Shigo da shi, shi bai zage ni ba." Ta wanke, ta cire, ta ƙona, ta sa magani. Jaki ya tashi. Barau ya fara murza hannu zai yi godiya, ta tare shi: "Riƙe abarka. A gindin durumi ka ci mutuncina, gaban maza. Ba a bayan danga za ka mayar mini da shi ba."

Har yau bai je ba, kuma ba shi kaɗai ba ne. Waɗanda suka yi dariya ran nan, su ne yanzu ke turo mata awaki ta bayan gida, a hanya kuma su kau da kai. Wannan ba adalci ba ne. Mai shelar da ya zaga da ganga ya ce a ɗaure dabbobi, shi ya kamata ya sake zagawa ya tara mutane gindin durumin nan, ranar Juma'a bayan an sauko. Barau ya tsaya da ƙafarsa, ya cire kunya, ya ce Tasalla ba kambun baka gare ta ba, gaskiya ta faɗa, ya roƙi gafararta kowa na ji. Duk wanda ya yi dariya ya maimaita bayansa. Ita ba ta rasa ko ɗan akuya ba. Su da suka toshe kunne, su ne suka sha jan mushe zuwa bayan gari. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.