Ƙarfen Sabis a Tudun Maƙwabta

Saurara in buga maka misali, ɗan'uwa. An yi wani dattijo mai fito, wanda furfura ta riske shi yana haye da mutane a kwalekwale tsakanin ƙauyuka biyu da ba sa ga maciji da juna. Ƙauyensu na cikin kwari, na maƙwabta kuwa na bisa tudu. Ana nan sai gwamnati ta fito da tsarin kai intanet mai sauri karkara, ƙarfen sabis ɗaya ga kowace mazaɓa. Nan fa gardama ta kaure, kowane ƙauye ya ce sai dai a ƙasarsa. Ma'aikata suka gaji da zarya, suka ce in damina ta faɗi ba a daidaita ba, za su kwashe kayansu su yi gaba. Ran taro dattijon ya miƙe, ya dogara da sandar tuƙinsa, ya ce, "Jama'a, a kafa shi a tudunsu. Abin da ke sama kowa yake haskawa. In muka ja, suka ja, duk mu tashi a tutar babu." Samarin ƙauyensu suka yi masa ca, suka ce tsoho ya sayar da gari. Har aka daina shiga kwalekwalensa. Abin ya sosa masa rai, amma bai janye maganarsa ba, dattawa kuma suka bi bayansa.

Aka kafa ƙarfe a tudu, sabis ya sauko har cikin ɗakunan kwari. Da damina ta yi nisa, kogi ya cika ya batse, ambaliya ta shafe filin kwarin da samari suka so a kafa ƙarfen a kai, hanyar mota ta yanke. Amma waya ba ta yanke ba. Da ita malamar asibitin ƙauyen kwari ta nuna wa likitan birni wani jariri da numfashi ya sarƙe masa, likita na kallo yana faɗa mata abin yi, har yaro ya farfaɗo. Da ita aka kira agaji, mutanen tudu kuma su ne farkon zuwa da hatsi a ka. Uban jaririn, wanda ya fi kowa ɗaga murya ran taro, ya zo bakin ruwa ya durƙusa ya ce, "Baba, a yafe mana." Dattijo ya ɗago shi, zuciyarsa fara ƙal, ya ce ya tashi su je su haye da baƙin da ke jiran fito.

Ka ga gaskiyar Hausawa da suka ce: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.