Fuskar Baba a Mazubin Sata

Da guduma a jaka ta sauka daga Keke Napep a Unguwar Shanu, tana tambayar shagon mai zuba sojojin roba.

Ita ta fara ƙera su, 'yan sojoji masu tsawon yatsa, waɗanda matasan Doka ke jerawa a tebur suna wasan yaƙi. Kwamandansu kuwa fuskar marigayi babanta ta ba shi, har da tabon giran da ya samu yana aikin soja a Mando. Da kayan aiki suka yi tsada ta ƙara kuɗi, sai masu saye suka koma wurin wani da ya kwaikwayi nata yana sayarwa da arha. Mazubin da take zuba kwamandan a ciki ya tsage, ba halin sake wani. Kwamandan ƙarshe ma ta sayar.

Ta tarar da mutumin yana fenti. Ya ba ta kujera, ta kasa zama.

"Malam, wa ya ba ka izini?"

"Hajiya, naki ya fi ƙarfin yaran nan. Amma na yi laifi. Ga mazubin nawa."

Ta ɗora mazubin a benci, ta ɗaga guduma. Sai idonta ya faɗa cikin ramin. Ga goshin, ga tabon, ga murmushin nan na gefe guda. Ba sauran inda za a sake fito da fuskar nan sai cikin kayan sata.

Ta sauke gudumar.

"Malam," ta ce, "zubo mini ɗaya tukuna."