Na Auna Isaka, Ban Auna Aminatu Ba

"Sauko da shi," na ce wa Faruƙ, mai rataya mana ekaran, wato allon gilashin da zai riƙa nuna lokacin tashin motoci a tasharmu ta Buza.

"Baba, mita ukku ya kamata."

"Kai ne sarkin tasha ko ni? Tsofaffi ba za su karya wuya garin kallo ba."

Na kira Isaka, wanda ya fi kowa tsawo a garin, ya tsaya da hularsa. Na bar taƙi guda bisa kansa. Nan aka rataye shi daga rufi.

Washegari na dawo daga sallar azahar, na tarar gilashin ya tsage. Na tambaya, kowa ya sunkuyar da kai. Gaban direbobi na rantse, wanda ya yi ɓarnar nan ba ya ƙara taka tashar.

Sai na ga miyar kuɓewa tana ɗiga daga gefen ekaran. Na san ƙamshinta.

Shekara talatin matata Aminatu tana kawo mini abinci, kwano huɗu jere bisa kai.

Ta ce rantsuwa ba a wasa da ita, ba ta ƙara taka tashar. Yau kwana tara ina cin gyaɗa da rana.